Wasiƙa Daga Norwe Zuwa Argungu

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, in ban da sanyin Trondheim. A tsakiyar Disamba rana ba ta cika awa biyar a sama.

Auta ya ce kullum kuna tambaya: wai ɗan masunci ya tafi aikin jirgin ruwa, amma ko ƙafarsa ba ta jiƙewa? Gaskiyarku, Baba. Jirgin da muke aiki a kansa yana nutsewa ƙarƙashin teku shi kaɗai, ba direba, ba igiya, yana zana taswirar ƙasan ruwa. Rediyo ba ta ratsa zurfin nan, in ya sami matsala babu mai kai masa ɗauki.

Abin tsoron shi ne nauyin ruwa. A zurfin mita 6,000, wuri kamar faɗin farcenku yana ɗauke da kusan kilo 600, wato buhun shinkafa mai kilo 50 har goma sha biyu. Ƙarfe ma in an yi sake sai ya lotse kamar gwangwanin madara. Kun ji labarin Titan a BBC Hausa a 2023, ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwan nan da ya murƙushe da mutum biyar a hanyar zuwa ganin Titanic, tsohon jirgin da ya nutse a teku.

Nawa aikin, in zana jikin jirgin a kwamfuta, in yayyanka shi ƙanana-ƙanana kamar idon homarku, in ɗora masa nauyin ruwa, in ga inda zai fara ba da kai. Kusan kullum a bakin murfi ne, ko inda aka huda don shigar da waya. Sai in tuna yadda kuke ƙwanƙwasa gora kuna kasa kunne kafin ku faɗa kogin Matan Fada.

Watan jiya na sha kunya. Lissafina ya ce wani bututu zai jure, aka saka shi a tankin gwaji, ya lotse tun kafin a kai nauyin da na lissafa. Ashe bai cika da'ira ba, ya ɗan karkace, karkacewar da ido ba ya gani, ni kuwa na zana shi sumul. Sati uku ina sake lissafi.

Na turo kuɗin kwanon rufi ta hannun Yaya, a gama kafin damina. Inna ta aiko mini da yaji da kuka in an sami mai zuwa. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku.