Ɗari na littafi, bazara ta kunne

Sakkwato

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Labari ya iso mini cewa tun da sabuwar waya ta shiga hannunka, data ba ta kwana uku. Ba faɗa zan yi ba, kallo da saurare ba laifi ba ne. So nake ka lura cewa a garin nan yanayi ne ke tsara wa mutum yini, kuma abin da ido da waya suke iya ɗauka a ɗari ba shi suke ɗauka a bazara ba. Saboda haka ka raba nishaɗinka bisa lokaci.

Ga ɗari nan ya kawo kai. Daga Disamba zuwa Fabrairu ana shiga ɗaki da wuri bayan isha'i, ba gumi, ba sauro sosai, lokacin littafi ke nan. Ka fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya. Dare-dare aka gina shi, aku yana riƙe ɗan sarki da labari don kada ya fita, kai ma haka za ka bi shi: labari ɗaya kowane dare, kuma da murya. In ka zo hutu ka tara ƙannenka ka karanta musu, nan za ka gane inda Hausarka take tuntuɓe. Wajen saye kada ka biya sai ka bi lambobin shafi tun daga farko har ƙarshe, domin bugun jabu ya yi yawa, wani ya maimaita shafi goma, wani ya bar fili fari a tsakiyar labari. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙamar da gam, to kada ka naɗe bango ta baya kana karatu, nan take littafin zai rabe biyu. Ka yi masa riga da takardar siminti ko tsohuwar kalanda.

In ka gama, akwai Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, duk daga gasar 1933 suka fito, kowanne mako ɗaya ya ishe shi. Ni Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa nake sa wa gaba. Ba shi da ban dariyar Ruwan Bagaja, amma labarin uwa mai bin sawun ɗanta har ƙetaren hamada a zamanin bauta ba ya sakin mutum da wuri.

Sai na gida. Abin kunya ne ɗan Sakkwato ya iya jero 'yan wasan Ingila goma sha ɗaya bai taɓa karanta Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u ba. Ka karanta ta da biro a hannu, kana rubuta sunayen wurare: Ɗegel, Gudu inda aka yi hijira a 1804, Tabkin Kwatto, Sifawa, har zuwa Sakkwato inda Shehu ya rasu a 1817. Ka haɗa da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, abin da waƙa ta taƙaita shi zai warware maka. Wata safiya kuma ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu ka ga rubuce-rubucen hannu da idonka.

Daga Maris zuwa Mayu ka rufe littafi mai nauyi, ka rage kallo. Zafi yana haura digiri 40, waya da kanta tana zafi ko ba a taɓa ta ba. In ka haɗa mata bidiyo da caji lokaci ɗaya, batir yana iya kumbura ya ɗago gilashi. Ka cire mata riga in za ka sa caji, ka ajiye ta a kan siminti cikin inuwa, kada ka tura ta ƙarƙashin matashi. Bazara ta kunne ce. Awa ɗaya ta sauti ba ta cin megabait 60, awa ɗaya ta bidiyo mai ingancin hoto 720 kuwa kusan gigabait guda take lashewa.

Da dare in an fito da tabarma tsakar gida, ka kunna Narambaɗa, Bakandamiya ce mafari. Waƙar fada ba a jin ta sau ɗaya. Ji na farko ka bi kotso kawai. Na biyu ka bi 'yan amshi, ka ga inda suke karɓe zance daga bakin jagora su ƙarasa masa. Na uku ka ɗauki takarda, ka ware inda yabo yake, inda habaici yake, da inda zambo ya fito ɓaro-ɓaro. Kai kana da sa'a, da munka da sunka kunnenka ya tashi, abin da ɗalibin wani gari zai nemi a fassara masa kai a gida ka ji shi. Amma akwai kalmomin doki da sarauta da na yaƙi da za su wuce ka, ka rubuta su ka tambayi tsofaffi. Daga nan ka koma kan Salihu Jankiɗi ka ji bambancin taushi da kotso, sai Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo. Yawancin abin da ke yawo a wayoyi daga tsofaffin kaset aka kwafo, wasu an yanke musu kai da gindi, to ka nemi mafi tsawo ko da yana da shuu. In da iyafis kake ji, kada ƙara ta wuce rabi da kaɗan.

Azumi ba ya bin wannan lissafi, kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana 11. Duk yanayin da ya same ka, ka jingine fim. Ka zaɓi tafsirin malami ɗaya a rediyon Rima ko a masallaci ka bi shi har ƙarshen wata, tsalle daga wannan zuwa wancan ba ya barin komai a kai.

Damina ce ta kallo, ga dogon hutu, ga sanyin gari. Cikin masu dogon zango na Arewa24, Kwana Casa'in ya fi ba da abin tunani a kan siyasa da aikin jarida, Daɗin Kowa kuma zaman unguwa ne yadda ka san shi. In ta YouTube za ka kalla, ka sayi datar dare ka sauke a 360, a gilashin waya ba za ka ga wani babban bambanci ba, awa kuma ba ta wuce megabait ɗari uku da wani abu. Ka kashe maɓallin da ke kunna na gaba da kansa, shi ne ɓarawon barci. Kashi biyu a dare ya isa. Hadari in ya haɗu, ka zare talabijin daga wuta, ka zare wayar dish ma, tsawa tana iya biyo ta. Hoto in ya ɗauke cikin ruwa mai ƙarfi ba lalacewa ba ce, kada ka hau rufi kana juya dish, da ruwa ya tsagaita zai dawo. Littattafanka kuma ka ɗaga su daga ƙasa, ka raba su da bango, gara ba ta sallama.

Kaka gajera ce. Lokacin dambe ne, ka ji Ɗan'anace yana wasa Shago. Ƙwallon Turai ma ta kankama tun Agusta, ka je gidan kallo in kana so, amma takardar caca kada ta shiga aljihunka ko ta naira ɗari ce.

In za ka taho hutu ka zo da jerin kalmomin da suka gagare ka, mu zauna a kansu. Innarka ta ce ka sayi man kaɗe tun yanzu saboda kaushi, kuma ka riƙa rufe kunnuwanka in za ka fita sallar asuba. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka