Godiya ga Asibitin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, Zariya

Assalamu alaikum likitoci da ɗalibai da duk ma'aikatan wannan asibiti. Na so in dawo in gaida ku ɗaya bayan ɗaya amma aikin gona ya riƙe ni, shi ya sa na ce bari in rubuta a fili kowa ya gani, don abin da kuka yi mini ya wuce a yi shiru.

Ni ne mutumin nan na wajen Shika da ya shigo muku da karya mai dogon gashi a naɗe cikin buhu a bayan mota, miyau na dalala, idanunta a buɗe amma ba ta ganin komai. Sunanta Guguwa. Uwarta collie ce, irin karnukan kiwon tumakin nan na Scotland, ubanta kuma karen gida ne namu na nan. Wani abokina a Jos ya ba ni ita tana 'yar kwikwiya, ya ce dai in shirya, ban gane nufinsa ba sai da ta yi wata shida. Karyar nan ba ta san zama ba wallahi. Tun asuba tana bakin garke, ta zagaye tumaki, ta dawo ta zagaye kaji, in yara sun fito da ƙwallo su ma sai ta tattara su waje guda kamar raguna, ranar da ba ta samu ta yi gudu ba kuwa to takalmi da tiyo da igiyar shanya sun shiga uku. Amma tunda ta gane aikinta ba mu ƙara neman tunkiya a gonar maƙwabta ba, fito ɗaya za ka yi ta kawo maka su har ƙofa.

Abin da ya faru laifina ne. Damina ta shigo, kaska ta yi mata yawa a kunne da tsakanin yatsu, ranar kuma muna yi wa tumaki allurar ivermectin, maganin tsutsar ciki da ƙwarin jikin dabbobi, sai na ce bari ita ma in yi mata. Maganin da ake ba dabba mai kilo 50 mil ɗaya, ni na zuƙi mil ɗaya cif na yi wa karyar da ba ta fi kilo 20 ba. Da yamma ta fara tangaɗi kamar wadda ta sha wani abu, ta bugi turmi, ta bugi bango, kafin gari ya waye ta kasa tashi.

Likitar da ta karɓe mu, Allah ya saka mata da alheri, tana ganin gashin da doguwar fuskar ta tambaye ni akwai jinin collie a jikinta? na ce eh. Ta ce me aka ba ta? Na ciro kwalbar daga aljihu. Ba ta yi min faɗa ba ko kaɗan, ta dai sa aka ɗaura mata ƙarin ruwa nan take, sai da aka gama ta zaunar da ni ta yi min bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ashe da yawa daga karnukan collie da ruwa-biyunsu suna gadon wata matsala a ƙwayar halitta da ake kira MDR1, masu bincike a jami'ar Washington State ta Amurka suka gano ta a 2001. A jikin sauran karnuka akwai abin da ke tare maganin kar ya taru a ƙwaƙwalwa, su kuma waɗannan nasu ba ya aiki, sai maganin ya wuce kai tsaye. Ta ce ko maganin gudawa na mutane loperamide kar in kuskura in ba ta. Kuma ta gaya min gaskiya cewa babu wata allura da za ta karya shi lokaci guda, jinya ce da haƙuri har jiki ya fitar da shi.

Jinyar ce ta fi tsaya min a rai. Kwana shida tana kwance. Na zo da sassafe rana ta uku na tarar da wani ɗalibi durƙushe a ƙasa yana juya ta daga wannan gefe zuwa wancan don kar fatarta ta yi gyambo, ya goge mata baki da tsumma, ya ɗiga mata magani a ido saboda ba ta ƙiftawa sosai, yana yi yana mata magana a hankali. Bai san ina tsaye ba. Na san a garinmu akwai masu cewa duk wannan wahala a kan kare? To ni karen kiwo ne da ni, wanda addini ya yarda a ajiye, kuma rai ne da Allah ya ɗora min amanarsa, na ji daɗi ƙwarai da na ga yaran da ake koyarwa a nan sun ɗauke shi haka.

Rana ta biyar ta ɗaga kai da ta ji muryata, ta kaɗa wutsiya sau biyu. Ganin ya ɗan jima kafin ya dawo daidai, kusan sati biyu tana bin mu da hanci da kunne.

Kafin ku sallame mu kun rubuta min maganin kaska da ya dace da ita, kun duba katinta kuka ga allurar ciwon haukan kare ta kusa cika shekara kuka sa min ranar dawowa, kun kuma hana ni aske mata gashi da nake shirin yi saboda zafi, kuka ce in dinga taje shi, in fitar da ita da asuba da kuma bayan la'asar, tsakar rana inuwa da ruwa. Kuɗin da na biya duk da rasit, babu wanda ya nemi na goro.

Yanzu kwalbar ivermectin tana cikin akwati a kulle, kuma na gaya wa yaron da ke min kiwo da abokina na Jos, tunda sauran 'yan'uwanta suna hannun mutane. Jiya da yamma Guguwa ta kora tumaki 23 daga bakin rafi har garke ita kaɗai, ta dawo ta kwanta a gabana tana haki.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba ɗalibanku sa'ar jarabawa. Sai mun zo allura in sha Allah.

Naku,
manomi daga wajen Shika