A koya mana aikatau na Turanci cikin jimla, ba a jeri ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bibiyar shafinku na koyon Turanci, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan hidima. Sai dai darasin da kuka kawo kan phrasal verbs, wato aikatau da ake rataya wa 'yar ƙaramar kalma irin su up, off, out ko in, ya bar ni da ƙorafi. Kun jero su reras, kowanne da fassararsa a gefe, kuka ce a haddace. Na daɗe ina koyar da Turanci, na kuma ga inda irin wannan hadda take kai ɗalibi: yau ya riƙe, jibi ta zube.

Dalili kuwa, ma'anar ba a cikin aikatau ɗin take ba, ba kuma a cikin 'yar kalmar ba. Sai sun haɗu ake samun ta. Bai kamata wannan ya zame wa Bahaushe baƙon abu ba. Wanda ya ci amana bai kai komai bakinsa ba, haka wanda ya ci bashi, ko ya ci jarrabawa, ko ya ci mutuncin wani. Baƙon da aka koya wa cewa "ci" tauna da haɗiya ne kawai, ai zai sha wahala, kuma ko wannan shan ba da moɗa ake yin sa ba. To haka abin yake a Turanci. Kowa ya san give bayarwa ce, amma give up dainawa ce ko haƙura, give in kuma miƙa wuya. Look dubawa ce, amma look after kula da mutum ne, look down on kuma raina shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani tsohon ɗalibina da ya nemi aiki. An aiko masa da saƙo cewa ganawar da za a yi da shi "has been put off". Ya san off a jikin makunnin fitila, sai ya ɗauka an kashe maganar ke nan, bai ƙara waiwayar ta ba. Alhali put off ɗagewa ce zuwa wani lokaci. Sokewa ita ce call off. Har yau abin yana yi mini ciwo, don yaron yana da ƙoƙari, kuma da postpone aka rubuta masa da ya gane nan take.

Ɗalibanmu sun fi sanin manyan kalmomin da Turanci ya aro daga Latin da Faransanci, musamman bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, irin su postpone, cancel da tolerate. Masu harshen kuwa a hirarsu ta yau da kullum put off, call off da put up with suke cewa. Wahalar ma ba ta yau ba ce. Samuel Johnson, wani marubucin Ingila, ya faɗa a gabatarwar ƙamusunsa na Turanci na 1755 cewa irin wannan haɗi ne ya fi ba baƙin harshen wuya.

Akwai kuma abin da jeri ba zai taɓa nunawa ba. Ana cewa turn off the light, ana cewa turn the light off, duka daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, dole ya zauna a tsakiya: turn it off, ba turn off it ba. Look after kuwa ba a raba shi ko kaɗan. Sannan guda ɗaya kan ɗauki ma'ana fiye da ɗaya: take off tashin jirgin sama ne, kuma tuɓe riga ne. Jimla ce kaɗai za ta bambance.

Roƙona, Malam Edita, ku rage yawan, ku ƙara zurfi. Uku ko huɗu a mako sun isa. Kowanne a sa shi cikin jimloli biyu ko uku irin waɗanda mutum zai gani a wasiƙar aiki ko saƙon waya, a kawo babbar kalmar da ke daidai da shi, a faɗi ko ana raba shi. In da hali, ku fara da put off da call off a mako mai zuwa.

Naku,
Wani malamin Turanci