Kulob ɗin masu tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska na Legas ya doshi shekara 100

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in taya Lagos Yacht Club murna, wato kulob ɗin masu tuƙa jirgin ruwa da iska da ke Magazine Point, dab da gadar shiga Victoria Island. An kafa shi a 1932, tun zamanin Turawa, ya cika shekara 90 a 2022, ga shi ya doshi 100. Mutanenmu na Obalende da ke bi ta gadar nan suna hango fararen ƙyallayen da iska ke tura jiragen da su a kan ruwa, amma ba kowa ya san irin taron dangin da ake yi kafin jirgi ɗaya ya fita ba.

A ranar tsere, wasu ne za su fita da wuri su dasa balan-balan ɗin alama da jirage ke zagayawa a kan ruwa, su daidaita su da inda iska ke fitowa. Wasu suna riƙe da agogo da tuta: a busa saura minti 5, a sake a minti 4, sannan minti 1, kana a tashi. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake layi, dole ya koma baya ya sake shigowa. Ga kuma masu kwale-kwalen inji da ke bin baya don ceto. Waɗannan bayin Allah ba sa cin kofi, amma ba don su ba da babu wanda zai ci, shi ya sa na fara da su.

Ruwan Legas ba ya ɗaukar ganganci. Sau biyu a kwana yake cikowa ya janye, kuma idan ya fara janyewa, musamman da damina da tafkin Legas ke batse, ƙarfinsa a mashigar da ke tsakanin ganuwar duwatsu biyu ta wajen Tarkwa Bay yakan fi ƙarfin ƙaramin jirgi. Iska na ɗaukewa, sai ruwa ya ja ka zuwa teku. Ta nan ne kuma manyan jiragen kaya ke bi zuwa Apapa da Tin Can, ba su da burki, ba su iya kaucewa. Ƙarami ne ke ba da hanya, in ka ji gajeriyar busa har sau 5, gargaɗi ake maka. Da hunturu iska na rauni, hazo ya rufe gani. Farkon damina da ƙarshenta kuwa hadari daga gabas yake tasowa da guguwa, mai hankali yana ganin baƙin gajimare yake sauke ƙyalle. Leda da kainuwa ma suna naɗe allon juya jirgi har ya daina jin hannu.

Jirgin iska ba ya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya karkata kamar digiri 45, ya yi dama ya yi hagu har ya isa. A wajen juyawar nan sabon hannu yakan kife, don yakan manta ya sassauta igiya ko ya makara wajen komawa ɗaya gefen. In an kife, kada a bar jirgi a ce za a yi iyo zuwa gaɓa. A ƙirga mutane, a kwance igiyoyin ƙyalle, mutum ɗaya ya hau allon da ke ƙarƙashin jirgi ya jingina da nauyinsa har ya miƙe. Rigar kariya kuwa tun a tudu ake ɗaure ta. Bayan an dawo a wanke komai da ruwan famfo, a bar ƙyalle ya bushe kafin a naɗe, domin gishiri na cin ƙarfe, laima kuma na sa ƙyalle ya yi fumfuna.

Duk wannan sani a bakin tsofaffin mambobi yake, daga hannu zuwa hannu ake gadonsa. Roƙona gare su shi ne su ƙara jawo matasan Agege da Idi-Araba da Mile 12, tunda jirgi irin Hobie 16 mutum biyu ke tuƙa shi, kullum mai jirgi na neman abokin tafiya. Iyaye kuma su fara kai yara koyon iyo. Malam Edita, ka turo wakilinka ranar tsere ya ɗauko mana rahoto da Hausa. Allah ya ƙara wa kulob ɗin albarka, ya tsare masu shiga ruwa.

Naka,
Wani mai karatu daga Obalende, Legas