Wasiƙa ga Abba kafin ya tafi sayen kwamfuta

Gusau, ranar Alhamis.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abbana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Kawunka da mutanen gidansa baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ummanka tana gaishe ka, ƙannenka kuma kullum sai sun tambayi ranar da za ka dawo daga Kano.

Maganar da muka fara a waya daren Talata ba ta ƙare ba, layi ya yi ta yankewa, kuma na ji a muryarka cewa ba ka gamsu ba, kunya ce kawai ta sa ka ce mini to. Shi ya sa na ga gara in rubuto, ka karanta a natse, ranar da za ku shiga kasuwa kuma ka saka takardar a aljihu.

Ka ce abokinka ya gaya maka cewa da kuɗin da za a sayi laftof matsakaiciya, za a haɗa maka kwamfutar tebur wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma mai karatun zanen gine-gine ƙarfi yake buƙata. Bai yi maka ƙarya ba. Ta tebur tana da fili a cikinta, fankokinta manya ne, iska na ratsa ta, don haka ana sa mata kayan da ke jan wuta sosai ba tare da ta ƙone ba. In wani abu ya lalace, a kwance kusa biyu a cire shi a sa sabo. Laftof kuwa an cusa komai a wuri ɗan ƙarami, da ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta don ta tsira. Na san wannan da hannuna. Shekara 31 na yi ina zane a ma'aikata, rabin farko da fensir da allon zane, rabin ƙarshe a gaban kwamfutar tebur, bayan an tura mu koyon AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, gemu ya riga ya fara fari. Da a ce ofis za ka buɗe, da ni zan fara ce maka ka sayi ta tebur.

Amma ba ofis za ka buɗe ba, Samaru za ka tafi, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ka zama ɗalibi a cikin dubban ɗalibai. Abin da abokinka ya duba shi ne abin da ke cikin akwatin. Ni kuma abin da nake dubawa shi ne inda za ka ajiye akwatin, da wutar da za ta kunna shi, da inda kai kanka za ka wuni.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba. A shekarar 2009 an ba ni aikin fitar da taswirar wata kasuwa, rumfa-rumfa, da magudanan ruwa da hanyoyin mota. Mako uku ina kansa. Wata Laraba da la'asar aka ɗauke wuta, ƙaramin UPS ɗin da ke ƙarƙashin teburina, wato akwatin batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci, ya yi ta kuka, batirinsa ya riga ya tsufa, ko minti biyu bai riƙe ba allon ya yi baƙi. Na zauna ina jira ban cire filogi daga bango ba. Da aka dawo da wutar sai ta zo da ƙarfi, ƙwan fitilar ofis ya yi haske kamar rana, na ji ƙara "fat" a bayan akwatin, sai warin robar da ta ƙone ya cika ɗakin. Har yau ina jin warin nan a hancina. Mai gyara ya buɗe ta washegari, ya jujjuya, ya ce har faifan da ke riƙe da aikin ya tafi. Ban ajiye kwafi a ko'ina ba. Na fito na zauna a kan benci a bakin ofis har aka kira magariba, ban iya ko tashi ba.

Laftof tana zuwa da batirinta a ciki. An ɗauke wuta, ko ƙiftawa allonka ba zai yi ba, ka ci gaba da aikinka awa biyu ko uku, ka ajiye abin da ka yi cikin kwanciyar hankali. Cajar yawancinsu wat 65 ce, wadda ƙaramin janareto ko solar mai shagon caji zai ɗauka ba wahala. Ta tebur da allonta, in tana aiki mai nauyi, tana iya jan wat 200 ko fiye, kuma UPS na talaka mintoci kaɗan yake ba ka don ka kashe ta lafiya, ba don ka yi aiki ba. In ka ce za ka haɗa mata inbata da manyan batura, to rarar da aka ce ka samu ta tafi, har ka ciyo bashi. Janareto kuwa, ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kuma ba wanda zai bar ka ka tayar da shi a ɗakin kwanan ɗalibai.

Sai maganar wuri. Masu karatun da za ka yi a ɗakin zane suke rayuwa, can suke wuni, lokacin miƙa aiki har kwana suke yi a can. Malami zai zagayo tebur-tebur ya ce nuna mini inda ka kai. Ɗan aji uku zai zauna kusa da kai ya ce kawo in nuna maka gajeriyar hanya. Rabin ilimin da za ka samu daga irin wannan zaman yake fitowa, kafaɗa da kafaɗa. Wanda kwamfutarsa ke girke a hostal ba shi da rabo a ciki, sai dai ya ce bari in na koma ɗaki zan gwada. Ɗakin kuma ba naka kai kaɗai ba ne: gadaje ne a jere, soket ɗaya ko biyu kowa na jiran layi, wani na dafa taliya, wani na son barci. In hayaniya ta ishe ka, da laftof sai ka rataya jaka ka nufi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Kuma duk hutu sai an kwashe kaya. Ka tuna 2022, da yajin aikin malaman jami'a ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, 'ya'yan unguwa suka dawo gida suka zauna. Ka ɗauko allon gilashi da akwatin ƙarfe daga Zariya, ka bi ta Funtuwa zuwa nan a but ɗin motar haya, tsakanin buhun masara da jarkar manja, sau nawa za ka yi haka kafin wani abu ya fashe?

Don haka shawarata laftof ce. Amma ba kowace ba, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne sosai, don a nan ake cutar yara.

Kada ƙyalli ya ɗauke maka ido. Za ka ga sababbi a kwali, sirara, masu sheƙi, farashinsu da sauƙi, cikinsu kuwa ba komai, kyan ɗan maciji ne. Da irin waɗannan gara wadda aka yi amfani da ita a ofisoshin Turai ko Amurka aka kawo, irin su ThinkPad na Lenovo, ko Latitude na Dell, ko EliteBook na HP. Don aikin yau da gobe aka ƙera su, maƙallin murfinsu da ƙwari, kuma kayan gyaransu na nan a kasuwa. MacBook da ka ce ɗan Gwaggonka yana da ita na'ura ce mai kyau, sai dai Revit, manhajar zanen gine-gine wadda za ka buƙata nan gaba, a kan Windows kaɗai take aiki. Ka bar ta.

Mai shago zai ce maka "Core i7 ce", wato sunan ƙwaƙwalwar da ke cikinta, yana ɗaga murya kamar magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ka ce ya nuna maka lambar da ke bayan sunan. In ka ga i5-8350U, wannan 8 ɗin na farko shi ne zubin, wato zubi na takwas. Sau da yawa i5 ta zubi na takwas ta fi tsohuwar i7 ta zubi na huɗu. Kada ka sauka ƙasa da na takwas, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas take farawa. RAM, wato inda take riƙe aikin da kake kai a lokacin, ka nemi 16GB. In kuɗi bai kai ba ka karɓi 8GB, amma da sharaɗin a buɗe bayanta a gabanka ka ga akwai gurbin ƙari, don wasu sirara an liƙe nasu a jikin allo, ba a ƙarawa har abada. Ma'ajiya kuma SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba. SSD ta fi sauri, kuma ba ta da abin da ke motsi a ciki, don haka jijjigar hanya da gwaruwar jaka ba sa yi mata illa kamar wancan. In kun dace da mai katin hoto na NVIDIA a cikin kuɗinmu, alhamdu lillahi. In ba ku samu ba kada ka damu, shekarun farko hannunka za a fi horarwa, fensir da takarda.

Ranar da za ku je kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a can Kano, ku tafi da safe, kada ku tafi ana shirin rufe shago. Ka zauna da ita a cinyarka. Ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Ka sa farin shafi ya cika allon ka duba ko akwai tabo ko layi. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa, ka saurari maƙallin. Ka gwada kowace kafa da filas ɗinka, ka gwada kyamara da sifika da Wi-Fi. Ka kashe ta ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba kamfanin da ya yi amfani da ita ya bar mata makulli. Sannan ka cire caja, ka kunna bidiyo, ka bar shi rabin awa kana kallon yadda batirin ke sauka. Akwai umarnin da ake rubutawa a Windows, powercfg /batteryreport, yana fito da ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yau. Mai gaskiya ba zai hana ka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda ya fara gaggauta ka, ku yi masa sallama cikin mutunci ku shiga shago na gaba. Ciniki ka bar wa Kawunka, ya fi ka sanin bakin 'yan kasuwa, kai dai ka tabbata an rubuta lambar jikin na'urar a rasit tare da kwanakin garanti.

Manhaja kuma kada ka biya kowa ya zuba maka ta sata. Kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai AutoCAD da Revit kyauta, shekara-shekara ake sabuntawa, shaidar cewa kai ɗalibi ne kawai suke nema.

In ta zo hannunka, ka riƙe ta da kyau. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko bargo, ƙofofin iskarta a ƙasa suke, in sun toshe zafi ne zai cinye batirin. Hunturun Zariya akwai ƙura, don haka duk shekara bayan hazo ya wuce ka kai a buɗe a share fankar. Na taɓa ganin wadda aka buɗe, ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa, mai ita yana ta cewa ta tsufa, alhali numfashi ne ta rasa. In an ɗauke wuta ka zare caja daga bango, sai ta dawo ta zauna sannan ka mayar. Ka sayi linzami, zane da ɗan faifan yatsa azaba ce ga wuyan hannu. Ka samu jakar goyo wadda ba ta nuna abin da ke ciki. Abin da ke da sauƙin ɗauka gare ka yana da sauƙin ɗauka ga wani, wannan shi ne babban aibin laftof, ba zan ɓoye maka ba. Kada ka bar ta a caji ka ce bari in je in dawo. In za ka shiga masallaci, ka sa jakar a gabanka inda idonka ke kai.

Abin da na fi so ka riƙe daga labarin kasuwar nan tawa shi ne kwafi. Duk ranar Juma'a, kafin ka tafi masallaci, ka kwafe aikin makon a filas, ka kuma ɗora shi a Google Drive, suna ba da 15GB kyauta. Filas ɗin kada ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar. In ta ɓace, ni da Ummanka za mu san yadda za mu yi a sake wata, ko da an daɗe. Zanen da ka yi wata uku kana yi kuwa, ba ni da inda zan sayo maka shi.

Ita ta teburin ban kashe maganarta ba. In Allah ya kai ka aji uku ko huɗu, ka fara aikin da ke buƙatar fito da gini da inuwarsa da haskensa kamar hoto, wataƙila a lokacin ka kama ɗaki a cikin Samaru, ka san yanayin wutar unguwar, ka san ainihin abin da aikinka ke ci. Sai mu zauna mu sake lissafi, mu haɗa ta sannu a hankali, yau wannan gobe wancan, tunda ita tana karɓar haka.

Kuɗin na tura wa Kawunka jiya. Kashi mafi yawa daga kuɗin sallamata ne, sauran kuma adashin Ummanka ne da ta ɗauka a watan jiya, ta ce kada in gaya maka, amma na ga ya kamata ka sani. Ban faɗa don in ɗora maka nauyi ba, mun bayar da zuciya ɗaya, kuma ranar da sunanka ya fito a Jami'ar Ahmadu Bello na yi farin cikin da ban yi irinsa ba tun ranar sunanka. In bayan ka karanta wannan har yanzu zuciyarka na kan ta tebur, ka kira ni ka faɗa mini dalilinka ba tare da kunya ba, zan saurare ka har ƙarshe. In kuma kun shiga kasuwa, kafin a biya ka kira ni daga cikin shagon ka karanto mini lambobin.

Tsohon akwatin kayan zanena, da kamfas ɗin da ma'aunin, na goge su na ba Ummanka ta saka maka a cikin kayan tafiya. Ka gaishe da Kawunka da Inna, ka ce ina godiya da ɗawainiya.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya ba ka ilimi mai amfani.

Wassalam,
Mahaifinka.