Sanarwa ga ƴan rukunin masu kallon taurari

Assalamu alaikum ƴan uwa. Da yawa kun tambayi inda nake samo labaran sama, to ga su.

Mujallar Sky & Telescope ta Amurka tana fitowa tun 1941, kuma duk mako shafinta na intanet yana faɗin abin da za a gani da dare. Amma a lura: taswirarsu an zana ta ne don mutanen arewacin duniya, wajen digiri 40 arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya kudu da arewa. Mu a Kano muna kusan digiri 12, don haka tauraron da suka ce yana can ƙasa ta kudu, mu sai mu gan shi ya ɗaga sosai. Shi ya sa nake roƙon kowa ya sauke manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama, ya saka sunan garinsu kafin ya fita tsakar gida. Da ita za ku gane Zara da Kaza da Ƴaƴanta cikin sauƙi.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, kuma tana saka hoton sama guda kullum tun 1995, da bayani a ƙasansa. Wallahi ni da shi nake buɗe wayata da safe.

Manyanmu sun tuna husufin rana na 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu a Gusau da Katsina. Wani na tafe ranar 2 ga Agusta 2027, cikakkensa zai ratsa Masar da Makka. Don Allah kada kowa ya kalli rana da ido tsirara, sai da tabarau na musamman.

Mai buƙatar taimako wajen saita manhajar ya yi min magana bayan Isha'i.