Ku daina ɗora wa 'yan Mariel laifin da ya girme su

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata min rai. Baƙonku ya nace cewa jiragen ruwan da suka kwashi mutane daga tashar Mariel ta ƙasar Kyuba a 1980 ne suka kai wa Amurka gungun miyagun 'yan Kyuba, kuma mai gabatarwa bai ko tanka masa ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Mutum kusan 125,000 ne suka tsallaka a lokacin. Lallai Fidel Castro, shugaban Kyuba na lokacin, ya cusa fursunoni a cikinsu, amma da aka zo yarjejeniyar 1984 tsakanin Amurka da Kyuba, waɗanda Amurka ta ce a mayar ba su kai 3,000 ba. Sauran fa? Harbe-harben kasuwar Dadeland ta yankin Miami da baƙon naku ya buga misali da su a 1979 aka yi, rikicin dillalan hodar iblis ne 'yan Kolombiya, tun jirgi ko ɗaya bai bar Mariel ba.

Wanda ya kamata ku ambata shi ne José Miguel Battle, tsohon ɗan sandan Havana, babban birnin Kyuba, na zamanin Batista, shugaban da Castro ya hamɓarar. Da shi aka kai harin 1961 don kifar da Castro, aka kama shi, aka sako shi a ƙarshen 1962. Ya zauna a Union City ta jihar New Jersey, ya kafa ƙungiyar da ake kira La Corporación. Jarinta caca ce, wadda suke kira bolita.

Ga yadda take tafiya. Talaka ya shiga kantin unguwa ko shagon aski, ya zaɓi lamba tsakanin 000 da 999, ya ajiye 'yan canjinsa. Mai rubutawa ya yanki kamashonsa, yaro ya kwashe takardu da kuɗi ya kai wa uban caca. Damar ci ɗaya ce cikin dubu, amma in an ci ninki 600 ko ƙasa da haka ake biya. Ratar nan ita ce ribar. Inda ake samun matsala shi ne ranar da unguwa duka ta yi wa lamba ɗaya rubdugu, ta kuma fito. Ƙaramin uban caca ba ya iya biya, sai ya karye. Don haka tun kafin a fitar da lamba yake tura nauyin ga babba mai aljihu, kuma daga nan ya zama yaronsa. Ta haka Battle ya tattare unguwanni.

Wanke kuɗin ma da dabara. Sai 'yan ƙungiyar su nemi wanda ya ci cacar gwamnatin Puerto Rico, su sayi tikitinsa da abin da ya ɗara ladan, su je su karɓa da sunansu. Kuɗin haram ya samu takarda. A shekarun 1980, da suka saɓa da 'yan Mafiyan Italiya kan tazarar da za a bari tsakanin shagunan caca a New York, wuta suka riƙa cinna wa shagunan abokan hamayya, mutanen da ba ruwansu suka ƙone. Sai a 2004 aka yi wa Battle kamun ƙarshe, ya mutu a tsare a 2007.

Duk wannan ba ku taɓo ba, kuka rufe bayin Allah masu neman abinci da bargo ɗaya.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar mai magana. A ƙaramar rediyo rabin zancen ɓacewa yake yi.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya